Sawun da Ya Tsaya Wanke Ƙafa

Ranar Lahadi da tsakar rana, lokacin da leburorin tsibirai suke coci suna rera waƙa kamar za su ɗage rufi, wani sito ya kama da wuta a gonar ayabar Tsoho Bains. Kafin 'yan kwana-kwana su iso daga cikin gari, ba abin da ya rage sai kwanon rufi a lanƙwashe da wata akwatin ƙarfe da ta yi baƙi ƙirin. Fasfo goma sha ɗaya ne a cikin akwatin, na leburorin gonar, duk sun zama toka. Da aka duba mutane da yamma kuma, sai aka ga babu Selwyn Iaruel, mutumin tsibirin Tanna mai ɗaukar ayaba.

Kafin gari ya waye an gama yi masa shari'a a shagon burodi da gidan mai. Ai kowa ya ji ranar Juma'a ya ɗaga murya a kan fasfonsa. Ai an ga silifansa a bakin ƙofar gona. Ai dama ba shi da takardar zama, tun da ya gudo daga gonar da aka kawo shi dominta a can kudu. Mutanen garin nan na bakin kogin Tully ba mugaye ba ne, sai dai ruwan sama ya yi musu yawa, zaman ɗaki kuwa yana kaifafa harshe.

Da safiyar Litinin Saje Narelle Cavallaro ta tsayar da motarta a ƙofar gidan Gwaggo Merle. Tsohuwar tana zaune a baranda, ta miƙe ƙafarta mai ciwon gwiwa a kan bokiti, tsohon karenta Biskit yana kwance a kan ɗaya ƙafar. Shekara arba'in ke nan Merle tana bi wa manoman ayaba sawun aladen daji, a tsakani kuma ta nemo yara biyu da suka ɓata da wani bature mai kallon tsuntsaye. Ba ta da takardar makaranta ko ɗaya, amma in ta kalli ƙasa takan faɗa maka abin da ka ci jiya.

"Gwaggo, ina kwana."

"Kin yi ƙiba, Nari. Motar gwamnati ta karɓe ki."

"Na gode. Aiki na kawo miki."

"Na ji. Yaron da kuka rataye tun jiya." Merle ta kurɓi shayinta. "In na samo shi, me za ki yi da shi?"

"Tambayoyi zan yi masa."

"Ni na canja miki ƙunzugu, kada ki yi mini maganar ofis. Jirgi za ku sa shi?"

Narelle ta zauna a kan matakala, ta cire hula. "In shi ya sa wutar, kurkuku ne, daga nan jirgi, kuma ba zai sake taka ƙasar nan ba. In kuwa shi aka zalunta, akwai takardar zama da hukuma kan ba wanda ya tsaya ya ba da shaida. Ba a korarsa ana cikin shari'a, wani lokacin har bayanta. Ba ni ke bayarwa ba, amma sai na rubuta sama na ce wannan mutum zaluntarsa aka yi, kuma yana taimakonmu. Muddin shi ake zargi, Gwaggo, hannuna ba zai hau takardar ba."

Merle ta ajiye kofin shayinta. Sannan ta zare ƙafarta daga ƙarƙashin karen, ta ce a miƙo mata sandarta.

A ƙofar gonar suka tarar da Tsoho Harbhajan Bains, rawaninsa a karkace, idanunsa jajur. Mutumin nan ya fi tsoron cutar ƙasa mai kashe ayaba fiye da wuta. Cuta ce da ke bin laka a tafin takalmi, in ta shiga gona kuwa an gama noma a wurin har abada. Shi ya sa ba mai shiga gonarsa da takalmin waje. Ka ajiye naka a ƙofa, ka sa dogon takalmin roba na gona, ka bi ta cikin wani komin siminti cike da ruwan magani, wanda aka yi wa shinge hagu da dama don kada wani ya kewaye. Saboda rashin yarda irin tasa har shuɗi yake zubawa a cikin maganin, mai kama jiki fiye da bula, don ya gane wanda ya tsallake.

"'Yan kwana-kwana sun shigo mini da mota, Merle," ya ce kamar zai yi kuka. "Da tayoyinsu! Ko wankewa ba su yi ba."

"Da sun tsaya wanki, da yanzu kana sayar da gasasshiyar ayaba. Matsa in gani."

Kusa da shi akwai wani bature mai tumbi da murmushin da ba ya gajiya. Desmond Hurley ke nan, wanda leburori suke kira Papa Des. Shi ke kawo wa gonar ma'aikata, shi ke tuƙa su coci a farar bas ɗinsa, shi ke raba musu mangwaro, kuma shi ke ajiye musu fasfo a akwatinsa cikin siton nan wai don kada su ɓata. Ya riƙo hannun Merle da hannu biyu.

"Gwaggo, zuciyata ta karye. Yaron nan a titi na tsince shi, na ba shi gado da aiki. Zo ki ga abin da ya saka mini da shi."

Ya nuna mata sawun. Ruwa ya sauka da safiyar Lahadi ya ɗauke, don haka jar lakar ta riƙe komai kamar an buga hatimi. Sawun takalmin roba ne, daga komi zuwa sito, daga sito ya dawo komi. A dunduniyar kowane taku akwai alamar gicciye.

"Kowa da alamarsa," in ji Papa Des. "Gicciyen nan na Selwyn ne, da wuƙa ya yanka shi."

"Kai kana ina jiya?" Narelle ta tambaya.

"Na sauke su a coci ƙarfe goma, na kwanta a bas kamar kullum har aka tashi. Shi kaɗai ne bai zo ba."

Merle ta matsa kusa. Ta bi sawun taku ashirin tana dogara sanda, ta tsuguna da ƙyar, ta auna da tafin hannu. Sannan ta dawo wurin rataye takalma. Leburori kan kifa takalmansu a kan turaku, baki ƙasa, saboda maciji da kwaɗo. Goma suna kife. Na sha ɗaya, mai gicciye, yana tsaye a ƙasa baki sama, kusa da sabon farin takalmin roba na Papa Des. Ta zura hannu cikin na hagu, ta fito da yatsunta shuɗi. A jikin turkensa kuma an soke wasu ledojin burodi guda biyu a ninke, busassu.

Ta goge hannun a zanen wuyanta, ta ce tana son ganin mutanensa.

Leburorin suna zaune a rumfar shirya ayaba, ba wanda ya ɗaga kai. Kakin Narelle kaɗai ya isa ya ɗinke bakin kowa, domin duk cikinsu ba mai cikakkiyar takarda. Papa Des ya raɗa wa Saje cewa ta duba Tavita, ƙaton mutumin Samoa, wai sun yi faɗa da Selwyn makon jiya, mai yiwuwa tare suka shirya ko kuma ya san inda yake. Tavita kuwa hannayensa shuɗi ne har gwiwar hannu, ga ƙarzuna a kumatu.

"Me ya sami hannunka?" in ji Narelle.

"Ni ke haɗa maganin komi, ranki ya daɗe."

"Fuskarka fa?"

"Ƙwallon raga."

"Da wa?"

Tavita ya kalli rufi. "Da ƙwallo."

Merle ta fashe da dariya. "Kai, ɗan nan, ƙarya ma sai an koya. Da Selwyn kuka yi, ko? Wa ya ci?"

"Shi," ya ce a hankali. "Amma ƙwallon ta fita layi, Kaka. Wallahi ta fita."

"Na yarda. Miƙo ƙafarka." Ya miƙo wata ƙafa kamar faranti. Merle ta juya ga Narelle. "Wannan ko babban yatsansa ba zai shiga takalmin can ba. Ƙyale shi."

A can ƙarshen rumfar wata mata mai furfura tana ta goge tebur ɗin da ya riga ya bushe. Mama Lesline ce, 'yar garin su Selwyn, mai dafa wa kowa abinci. Merle ta je ta zauna kusa da ita, ta kori Narelle da ido.

"Ban san shi sosai ba," Lesline ta riga ta.

"To. Ni ma ban tambaye ki ba. Ledar burodi nake tambaya. Me mutum zai yi da ledar burodi a wurin takalmi?"

Bakin Lesline ya motsa, dariya da kuka suna kokawa. "Takalminsa na hagu ya huje a wurin yatsa. Wata uku yana cewa zai liƙe. Kullum sai ya sa ƙafarsa a leda kafin ya sa takalmin, don kada shuɗin ya kama shi. Har suna ce masa Burodi." Ta share ido da bayan hannu. "Jiya ma cewa ya yi ba zai je coci ba, zai je ya ɗauko takalmin ya liƙe. Na ce masa arne. Kalmar ƙarshe da na faɗa masa ke nan, Kaka, arne."

"Ranar Juma'a fa?"

Lesline ta waiga, ta ga Papa Des yana nesa yana waya. "Ya ce a ba shi fasfonsa. Papa ya yi dariya. Sai ya ce to wata lauyar coci za ta zo daga Cairns ranar Talata, ita za ta karɓar mana duka." Ta kama hannun tsohuwar. "Kada ki samo shi. In kin samo shi za su mayar da shi gida da sunan mai ƙone-ƙone. 'Yarsa tana makaranta. Yaya za ta ɗaga kai?"

"In ban samo shi ba, sunan ya riga ya zauna," in ji Merle. "Dafa shayi da yawa da yamma, a zauren coci. Kowa ya zo, a yi wa yaron addu'a. Ki gayyaci Papa musamman."

Sai da suka koma wurin tokar su biyu sannan Merle ta buɗe baki.

"Takalminsa ne, amma ba ƙafarsa ba ce a ciki. Yaron nan shekara shida yana ɗaukar nonon ayaba a kafaɗar dama. Irinsu ko ba kaya ƙafar dama ce ke nutsewa, takunsu dogo. Wannan gajeren taku ne, yatsu a waje, dunduniya tana haƙa rami, mutum ne da ya saba zama a kujera. Kuma ba leburan da zai bar takalmi baki sama, sai in yana marmarin maciji."

"Wannan ba zai ishi alƙali ba, Gwaggo."

"Na sani. Yi shiru, kina taka mini littafi."

Motar kwana-kwana ta tattake ko'ina a gaban siton, don haka Merle ta zagaya baya, ta yi da'ira mai faɗi, Biskit yana binta yana huci. A layin ayaba na huɗu ta tsaya. Sawun ƙafa ne tsirara, yatsu a baje, ta dama ta fi nutsewa. Tsakanin taku da taku ya fi tsawon sandarta. A kan wani busasshen ganye akwai ɗigo uku masu duhu, waɗanda tururuwa suka kewaye.

"Gudu yake yi, kuma jini na zuba daga hannunsa na hagu."

Suka bi. Sawun ya ratsa layuka, ya faɗi sau ɗaya ya tashi, ya nufi iyakar gonar, inda waya uku kawai ta raba ƙasar Bains da ta maƙwabciyarsa, wata gwauruwa mai 'yar ƙaramar gona. Yaro ɗan shekara biyar ma zai iya ratsa wayar. Amma taku biyu kafin ita sawun ya tsaya cak, ƙafafu biyu a jere, jinin ya taru wuri ɗaya. Daga nan ya juya dama, ya bi jikin shingen, taku tamanin da wani abu, har zuwa wata 'yar ƙofa mai nata komin magani. Ya shiga, ya fita. A ɗaya gefen sawun ya ci gaba, shuɗi a kan ciyawa.

Merle ta tsaya a nan, ta kasa gaba. Ta bi sawun halittu iri-iri a rayuwarta, ba wanda ya taɓa sa mata ƙwalla sai wannan.

"Dubi nan, Nari. An sare shi, yana gudun ransa, ga waya a gabansa. Sai ya tuna ayabar matar nan. Ya zagaya ya wanke ƙafa." Ta ja hanci da ƙarfi, cikin fushi da kanta. "Ki je ki faɗa wa masu shagon burodi wannan ne mai ƙone-ƙonensu."

Narelle ta ɗauki hoto.

"Yanzu koma mota ki jira. In ya hango kakin nan zai faɗa rafi, akwai kada a ciki kuwa, shi ba ya tambayar biza," in ji Merle.

Merle ta sami Selwyn a tsohon ɗakin injin ban ruwa a bakin rafi, ya jingina da bango, ya ɗaure hannunsa da rigarsa. Ƙafafunsa shuɗi ne har idon sawu. Ya yunƙura zai tashi, sai Biskit ya je ya ɗora masa kai a cinya, kamar yadda yake yi wa duk wanda yake zaton yana da abinci.

"Zauna, Burodi. Ni ba zan iya bin ka da gudu ba, kai ma ba za ka iya yi ba." Ta miƙa masa gorar ruwa, ta zauna a kan injin tana nishi. "Wa ya sare ka?"

Ya sha, ya sha, ya kawar da kai.

"To bari in faɗa maka. Ka zo ɗaukar takalmi, ka tarar babu. Ka hango hayaƙi. Ka cire silifa, ka bi ta komi da ƙafa. Ka ga mutum sanye da takalminka."

"Ya ce..." Ya ajiye gorar. "Na kama akwatin zan ja waje, sai ya kawo mini adda. Ya ce je ka wurin 'yan sanda mana, sawun wa za su gani? Maganar wa za su ji, ni ko kai da ba ka da ko takarda? Ya ce gobe war haka kana jirgi." Ya kalle ta. "Gaskiya ya faɗa, Kaka. Ni ba kowa ba ne a nan."

Merle ta kwance rigar, ta duba saran, ta yi tsaki, ta sake ɗaurewa da zanen wuyanta.

"Ka san daga ina kakan uwata ya fito? Tanna. Jirgin ruwa ya kwaso shi yana saurayi, ya sare rake shekara ashirin a kwarin nan. Da aka gama da su aka ce duk a mayar da su. Shi kuwa yana da mata a nan da jaririya. Sai ya shige dajin can da kake gani, dangin matarsa suka ɓoye shi, suka koya masa share sawu. Ya rayu, amma har ya mutu in ya ji takun doki sai ya bar abinci ya shiga ciyawa. Da tsoron aka binne shi." Ta buga sandarta a ƙasa. "Shi ba wanda ya miƙa masa takarda. Kai akwai. Yarinyar da ke mota ta ce in ka tsaya ka faɗi abin da aka yi maka, ba a korarka. Ni na yaye ta, na san fuskarta in tana ƙarya."

"In ba su yarda da ni ba fa?"

"Wannan nawa ne. Kai dai ka zo. Ba na son in bar wani ɗan Tanna a dajin nan, ɗaya ya ishe mu."

Ya daɗe yana shafa kan karen. Sannan ya dafa bango ya miƙe, kuma shi ya tallafe ta har suka hau gangaren.

Ƙarfe huɗu zauren coci ya cika. An shimfiɗa tabarmi, takalma sun taru tuli a bakin ƙofa, domin ba mai taka tabarmar mutanen tsibirai da takalmi. Tsoho Bains ya zo, Tavita ya zo, Narelle ta tsaya a jikin ƙofa. Selwyn yana cikin motarta a bayan ginin, ma'aikaciyar asibiti ta ɗinke masa hannu, ba wanda ya sani sai ita da Narelle da Merle.

Papa Des ya iso da kwandon mangwaro. Mutum ne mai alfahari da sanin al'ada, kullum shi ke fara cire takalmi ya baje yatsunsa a tabarma yana cewa shi ɗan tsibiri ne da aka haifa a fatar da ba tasa ba. Yau ma ya cire takalmin. Amma ya bar safa, mai kauri, ta ulu, a zafin da ko kare ya nemi inuwa.

Aka yi waƙa, aka yi addu'a. Papa Des ya roƙi Allah ya shiryi ɓataccen yaro, har muryarsa na rawa. Da aka fara raba shayi Merle ta ce ita za ta kai wa Papa nasa da hannunta. Ta taho tana ɗingishi da babban kofi cike, wanda ta tabbatar ya huce tukuna. Daidai gabansa gwiwar nan tata ta tuna da ciwonta.

"Wayyo! Na ƙone bawan Allah! Lesline, ku cire masa safa!"

"A'a, ba komai, ba zafi, ku bari..."

Ina! Ba a taɓa hana matan tsibirai yi wa baƙo hidima ba. Hannu shida suka sauka a kansa, wata da tawul, wata da ruwan sanyi. Safar dama ta fita, ƙafa fara sol. Ta hagu ta fita.

Yatsun ƙafar shuɗi ne, shuɗin ya shige ƙarƙashin farce, fatar gefe kuma ta yi ja saboda dirza.

"Maganina ke nan," in ji Tsoho Bains, da wani irin alfahari. "Sati biyu ba ya fita, ko da me ka wanke."

"Na taka komin ne ranar Juma'a," Papa Des ya ce, murmushin yana neman wurin zama a fuskarsa.

"Da sabon farin takalminka?" Merle ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa. "Na zuba masa ruwa ɗazu a ƙofar gona, ko ɗigo bai fita ba. Ku faɗa mini, 'ya'yana, takalmin wa ke yoyo a gonar nan? Wace ƙafa?"

Sai Tavita ya ce, a hankali, "Na Burodi. Ta hagu."

"Shi ya sa yake sa leda. Kowa da ke ɗaukar ayaba ya san haka. Wanda bai taɓa ɗauka ba ne kawai bai sani ba." Ta juya ga Papa Des, ba dariya yanzu. "Shekara huɗu kana cin abincinsu kana kiransu 'ya'yanka, ba ka taɓa kallon ƙafarsu ba. Da ka kalla sau ɗaya, da ka tsira."

Ya miƙe yana cewa maganar banza ce, wa zai tsaya gaban alƙali a kansa, duk cikinsu wa ke da bakin magana. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da ya saba rufe musu baki da shi. Kawunan suka fara sunkuyawa, Merle tana gani.

"Ni," aka ce daga ƙofa.

Selwyn ne, hannu a naɗe, ƙafafu shuɗi. Ya kafe Papa Des da ido. "Ni zan tsaya. Na gan ka, kai ka sare ni."

Mama Lesline ta ajiye safar da ke hannunta kamar ta riƙo mushe. "Ni ma. Fasfona shekara uku yana akwatinka, sau bakwai na roƙa." Tavita ya tashi, sai rufin ya zama kamar ya matso ƙasa. Daga nan sai ɗaya bayan ɗaya, har tabarmar ta zama ba kowa a zaune sai jarirai. Narelle ta fita da Papa Des ƙafa ɗaya da safa ɗaya babu, Lesline kuwa ta rungume Selwyn tana duka tana kuka, tana ce masa arne, arnen banza, ka kusa kashe ni.

Washegari da hantsi Merle ta raka Selwyn ofishin 'yan sanda. Narelle ta riga ta rubuta wasiƙarta zuwa sama, ta sa hannu, ta ajiye a kan tebur inda zai gani daga waje. An ce wasu jami'ai suna tafe daga Cairns tare da lauyar nan, za su ji ta bakin duka sha ɗayan. Ba wanda ya yi musu alkawarin abin zai yi sauri, Merle ma ta ce in gwamnati ta yi sauri to a duba lafiyarta.

A bakin ƙofa Selwyn ya tsaya. Ya kalli dandamalin mai sheƙi, ya kalli ƙafafunsa, ya waiga hagu da dama kamar mai neman wani abu. Sai ya sunkuya ya fara zare silifansa.

Merle ta sa sandarta ta danne silifan a ƙafarsa.

"Shiga da abinka, ɗana," ta ce. "Ba wata cuta da ka kawo wa ƙasar nan."

Ya shiga. Ita kuwa ta zauna a kan benci a waje, ita da Biskit, tana kallon sawunsa na laka a kan simintin, ta dama ta fi ta hagu fitowa, yana tafiya ciki ba da gudu ba.